Tamma ɗaya ta 1914 mai harafin C: an taya jika 100, in sallama ko in dakata?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum. Ƴan'uwa shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa, don mutumin da ya taya kayan ya ce jibi zai wuce Kano.

Babanmu ya rasu bayan sallar layya, Allah ya jiƙansa. Da aka zo lissafin gado aka buɗe adakarsa, can ƙasan riguna muka tarar da wani tsohon gwangwanin shayi. Cikinsa akwai manyan dalolin azurfa uku, irin masu hoton mace a gaba da tsuntsu mai kai biyu a baya, an rubuta 1780 a jikinsu. Duka ukun an liƙa musu kunne, don kakarmu ta taɓa rataya su a wuya. Sai kuma wani ɗan ƙullin fata ɗinkin dukawa, muka ɗauka laya ce. Gwaggonmu ta ce ba laya ba ce, tammar Kaka Soja ce, wato kakansu da Faransawa suka ɗauka soja lokacin yaƙin Jamus na farko. Ta ce tun tana yarinya take jin labarinta, amma ba ta taɓa ganin an farke ɗinkin ba.

Da izininta na farke. Tamma ɗaya ce ta azurfa a naɗe cikin auduga. Gefe ɗaya mace ce tana tafiya tana watsa iri, rana na fitowa a bayanta, an rubuta REPUBLIQUE FRANÇAISE. Ɗaya gefen reshen itace ne da 1 FRANC, sai 1914 daga ƙasa, kusa da shekarar kuma akwai ɗan mitsitsin harafin C. Ba ta goge ba ko kaɗan, har silin gashin matar ana gani. Sai dai bakin-bakinta ya yi duhu, wani wurin shuɗi-shuɗi, wani wurin ruwan ƙasa.

Ranar Alhamis na kai ta kasuwar Dole ta nan Damagaram. Maƙeri ya ɗora a sikeli ya ce kuɗin azurfarta bai wuce ƴan jikuna ba, ya kawo magagari zai ɗan karce gefenta ya gani, na ce ya bari tukuna. Wani mai sayen kayan da yana zaune a rumfar, ya karɓa ya juya ta, ya ce jika 20, wato sefa 20,000. Na yi shiru. Ya ce 50. Na ce sai na yi shawara da yayyena. Bayan magariba sai ga shi a ƙofar gidanmu da jika 100 a hannu, alhali ban kwatanta masa gidan ba. Dalolin nan manya ko kallonsu bai yi ba. Wannan bin sawun ne ya sa jikina ya ba ni akwai abin da ya gani wanda ni ban gani ba.

Me ke cikin wannan ƴar tamma? In wanke duhun da toka ko lemun tsami don ta ƙara daraja? In kuma sayarwa za a yi, ina ake kai irinta?

Maƙerin Zongo:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta.

Ɗan'uwa, ni sana'ata ke nan, gadonta na yi, kuma zan faɗa maka gaskiya: kada ka sake kai ta wurin maƙeri, har da ni. Mu nauyi muka sani. Abin da aka kawo mana, aunawa muke mu biya, gobe ya zama zobe ko awarwaro. Wanda ya ce maka ƴan jikuna bai cuce ka ba, iyakar abin da azurfar giram 5 za ta ba shi ke nan. Amma da ka bari magagarin nan ya taɓa ta, da mai jika 100 bai biyo ka gida ba.

Toka, lemun tsami, tsamiya, man goge haƙora, omo, duk kada ka kusantar da su. Ko da gefen riga kada ka goga. Mu in muka wanke azurfa fatar sama muke ci, shi ya sa take fari tas, kuma abin da aka ci ba ya dawowa.

Manyan dalolin kuwa na san su sarai, sun sha wucewa ta hannun babana. Kowace ɗaya giram 28 ce da ɗan ɗoriya, kuma duk wadda ka gani 1780 ce a jikinta. Tunda an liƙa musu kunne da wuta, kuɗin nauyi kawai za su yi. Su ka kawo, zan saya da daraja.

Mushe Mai Ritaya:

Ɗana, Allah ya ba ku haƙuri. Na koyar da tarihi shekaru masu yawa kafin in ajiye alli, kuma tara tsofaffin kuɗi na cikin abin da nake rage lokaci da shi, saboda haka bari in ɗan tsawaita.

Tammarka irin wadda Faransawa ke kira Semeuse ce, wato mai watsa iri, zanen wani mai suna Oscar Roty, in ka duba ƙasan ƙafar matar za ka ga sunansa. An buga ta azurfa daga 1898 zuwa 1920. Nauyinta giram 5, faɗinta milimita 23, azurfa kashi 835 cikin 1000, ragowar jan ƙarfe. Irinta ta cika duniya. A nan Damagaram ma ta yi yawo sosai, don bayan Nasara sun kama garin a 1899, daga baya suka koma neman haraji da kuɗinsu maimakon wuri, kuma kada ka manta nan ne babban birnin mulkinsu na ƙasar Nijar daga 1911 har 1926 da aka mayar Yamai. Albashin soja, na tafinta, na masinja, duk da irin waɗannan ake biya. Ta 1914 da aka buga a Paris ta haura miliyan 14. Da ita ce a hannunka, da sai in ce ka ba jikoki su yi wasa.

Harafin C ɗin ne magana. A farkon Satumba 1914 sojan Jamus suka matso kusa da Paris, gwamnati ta tattara ta koma Bordo. Gidan buga kuɗi shi ma ya kwashe wasu injina ya kai wani ƙaramin gari a kudu mai suna Castelsarrasin, ya ɗan yi aiki a can na ɗan lokaci. Abin da aka buga a garin aka sa masa C. Ta tamma biyu an buga sama da 460,000, saboda haka ba ta da wuyar samu sosai. Ta tamma ɗaya kuwa 43,421 kacal aka buga. Ka kwatanta da miliyan 14, za ka gane abin da ya kawo baƙonka ƙofar gida bayan magariba.

Labarin Kaka Soja ma bai saɓa wa hankali ba. Sojan Afirka da aka kai yaƙin, in sanyi ya yi tsanani akan janye su zuwa sansanonin kudancin Faransa, wajen Fréjus, kuma can ake biyansu. Mai yiwuwa sabuwa fil ta faɗo hannunsa, ta ba shi sha'awa, ya hana kansa kashe ta.

Dalolin 1780 kuma na sarauniyar Ostiriya ne, Mariya Tereza. A shekarar ta rasu, amma da yake fatake daga Habasha har Borno ba sa karɓar wata in ba ita ba, sai aka ci gaba da bugawa da wannan shekarar, a Biyana da Landan da Paris da Rum da Bombay, har aka buga ɗaruruwan miliyoyi. Maƙeri ya faɗa maka daidai a kansu.

Kada ka sallama jibi. Wanda ya ce yana sauri, bari ya yi saurinsa.

Badamagare a Tuluz:

Gaisuwa ga Mushe, Allah ya ƙara lafiya. Duk abin da kuka faɗa haka yake. Castelsarrasin ɗin ma ba ta da nisa da inda nake zaune, jirgin ƙasan da ke zuwa Bordo ta nan yake bi. Sai dai ina so in ɗan rage wa Ɗan Birni zafin murna kafin gida ya ɗauka an yi arziki.

Na farko, wannan tamma tana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, kuma jabun da ya fi wuyar ganewa shi ne wanda aka ɗauki ta Paris ta gaske, ta 1914, aka ɗora mata C. Nauyi zai fito daidai, faɗi daidai, azurfa ta gaske, ƙara ma in ka kaɗa ta daidai. Sikeli ba zai gaya maka komai ba a nan. Sai an sa gilashin ƙara girma an dubi gindin harafin: ko akwai alamar liƙi, ko launin wurin ya bambanta da na kewaye, ko akwai ƙananan karce inda aka yi aiki. Na san za ka ce ai tun zamanin Kaka Soja take a ɗinke. Ni na yarda da kai. Amma mai saye a nan bai san gwaggo ba, ƙarfen kawai zai duba, kuma labarin gida ba ya ƙara mata ko tamma.

Duk da haka ka yi gwajin da ba ya taɓa lafiyarta. Je wurin masu sayen zinariya, tun da aka samu zinariyar Jado a 2014 ƙananan sikelin nan masu lamba biyu bayan ɗigo sun cika gari. Ya kamata ta ba ka giram 5 ko kusa da haka ƙwarai. Ka kara mata maganaɗisu, bai kamata ya kama ta ba. Wadda yake kamawa ita ce ta baya, mai irin wannan zanen, da aka fara bugawa a 1960, ita ba azurfa ba ce. In za ka ɗauka ka riƙe ta ta gefe, kada yatsa ya hau fuskarta, zufa tana barin tabo.

Na biyu, in ta tabbata ta gaske ce, kuɗinta ya rataya ne a kan lafiyarta. Dillalan nan suna da matakai, daga wadda ta goge sosai zuwa sabuwa fil: B, TB, TTB, SUP, SPL, FDC. Akwai kuma ma'aunin Amurka na Sheldon daga 1 zuwa 70. TTB tana kamawa daga 40 zuwa 54, SUP 55 zuwa 62, SPL 63 da 64, FDC daga 65 zuwa sama. Wadda ta yi yawo a hannun mutane ma tana yin yuro ɗaruruwa. Wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba tana iya haura yuro 1,000, kuma daga nan kowane mataki ɗaya kuɗi ne mai yawa. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, saboda haka jika 100 da aka taya maka yuro 152 ne da ƴan kai. Ka yi lissafin da kanka.

Yadda za ka gane ko ta yi yawo: ka riƙe ta ƙarƙashin fitila ɗaya, ka riƙa karkata ta a hankali. In sabuwa ce za ka ga haske yana zagaya fuskarta yana bin hannunka. Sannan ka dubi wuraren da suka fi tudu, gashin matar, damtsenta, jakar irin, ninkin rigarta a cinya. Nan ne gogewa take fara ci, wurin ya yi sumul ya dushe. Duhun bakin-bakin da kake son wankewa kuwa, masu tarawa so suke, don shi ne shaidar ba a taɓa ta ba. Wadda aka wanke, kamfanonin tantancewa ba sa ba ta lamba, sai dai su rubuta an goge ta, daga nan rabin masu saye sun juya baya.

Kamfanonin da aka fi yarda da su biyu ne, PCGS mai ofis a Paris da NGC mai ofis a Munich ta Jamus. Su za su tabbatar ta gaske ce, su ba ta lamba, su rufe ta cikin ƴar roba mai lambar da kowa zai iya dubawa a intanet. Bayan haka sai gwanjo. Gidan gwanjon CGB da ke titin Vivienne a Paris yana da rumbun cinikin da ya gabata a shafinsa, shiga ka rubuta 1 franc 1914 C. Ka dubi kuɗin da aka sayar, kada ka dubi wanda wani ya rubuta yana nema, don a intanet kowa yana iya sa wa akuyarsa kuɗin raƙumi.

Na uku, kashe kuɗi. Akwai kuɗin tantancewa, akwai inshora, akwai kason gidan gwanjo wanda ya kamata a rubuta maka shi a takarda tun kafin ka miƙa kaya, akwai harajin shigo da kayan tarawa Faransa, kashi 5.5 cikin 100. Kuma wata da watanni ake yi kafin kuɗi su fito. Ga shi tun 2023 zirga-zirga tsakaninmu da nan ta yi wuya. Kada ka kuskura ka jefa ta cikin ambulan. Ta wajen gida kuma muna da dokar kare kayan tarihi ta 1997, saboda haka ka leƙa ofishin al'adu na jiha ka tambaya ko sai da takardar izini za ta fita, kada a tsare ɗan aikenka a duwan.

Hajiya Mai Atamfa:

Ku maza kun iya dogon lissafi. Ƙanena, ku nawa ne magadan? Wannan ce tambayar da ba wanda ya yi maka.

Ni ƴar kasuwa ce, ban san SUP ba ban san FDC ba, amma na san kayan da ya bar hannunka ya tafi ƙasar da ba ka iya zuwa. A ce ma ta yi yuro dubun nan. A cire na tantancewa, a cire na gwanjo, a cire haraji, a ba ɗan aike na goro, a tura ragowar a cire kuɗin turawa. In ku goma ne, nawa kowa zai samu? In kuma aka ce jabu ce, ko ta salwanta a hanya, kai za a kama da baki har ƙarshen rayuwarka, a ce ɗan wane ya cinye tammar Kaka Soja. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ban ce ka karɓi jika 100 ba. Wanda ya tashi daga 20 zuwa 100 cikin wuni ɗaya yana da sauran kuɗi a aljihu, ka bar shi ya yi ta hawa. Amma kafin komai ka tara yayyenka da ƙannenka mata da maza, kowa ya gani da idonsa, a rubuta. Ba kayanka ba ne kai kaɗai. Kuma ku tambayi malaminku, don ni abin da na tashi na ji shi ne cinikin azurfa da kuɗi hannu da hannu ake yinsa, ban san yadda zai kasance da gwanjon da sai bayan watanni ake biya ba. In akwai mai hali a cikinku, a yi mata kuɗi ya biya sauran rabonsu, ta zauna a gida. Shekara 100 da ɗoriya tana adaka ba ta ci wa kowa tuwo ba.

Ɗan Birni:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mushe, na karanta wa gwaggo bayaninku, da na zo wurin sansanin sanyi sai ta ce lalle Kaka Soja ya riƙa ba da labarin wani gari a bakin teku.

Na kai ta wurin masu zinariya, sikeli ya nuna 4.99. Maganaɗisu bai kama ba. Hasken da yayana na Tuluz ya ce yana zagayawa na gan shi, duka gefe biyu. Gindin C ɗin kuwa na duba da gilashin mai gyaran salula, ni dai ban ga liƙi ba, amma idona ba na gwani ba ne.

Mai tafiya Kano bai tafi ba. Jiya ya dawo da jika 150, na ce masa kayan magada ne, ba ni da ikon sallamawa. Hajiya, mu tara ne, kuma mun zauna kamar yadda kuka ce. Gwaggo ta ce in don ta ita ne kada a sayar. Babban yayanmu ya ce ko za a bar ta a gida sai an san kuɗinta na gaskiya, don ya biya ƙannenmu mata haƙƙinsu ba tare da zato ba. A kan haka aka tsaya. Na tura hotuna ta akwatin saƙo.

Badamagare a Tuluz:

Na ga hotunan. Shawarar babban yaya ta yi, kuma ba ta buƙatar tammar ta motsa daga Damagaram yanzu. Dillalai da yawa a nan suna ba da ƙiyasin farko da hoto, kyauta, sai dai ba za su rantse a kan C ba sai sun riƙe ta a hannu.

Amma waɗannan hotunan ba za su yi ba, ka kunna fitilar salula ta wanke komai. Ka sake ɗauka da safe a inuwar zaure, ka shimfiɗa ta kan baƙin ƙyalle mai laushi, salular a tsaye daidai samanta. Ina son gaba, baya, gefe mai zara-zaran nan, da kuma na kusa sosai wanda zai kama shekarar da C da ƙananan alamomi biyu da ke dama da hagu, ɗaya ƙaho ɗaya tocila mai wuta. A hoto na biyu na ga wani siririn layi bayan damtsen matar, ban gane ba ko karce ne ko silin auduga. Kada ka sa farce ka gwada. Ka sake ɗaukar wurin ta wata kusurwa.

Kada ka mayar da ita cikin fatar, jima ce ta jawo duhun nan kuma ya isa haka. Kada kuma ka sa ta a leda mai laushi, tana sa kore. Ka naɗe ta a farar takarda mai tsabta marar rubutu, cikin gwangwani mai murfi, nesa da ƙurar hunturu. Akwai ɗalibin da zai zo hutu, zan ba shi ƴar robar ajiya mai milimita 23 ya kawo maka. Tunda kuma baƙon ya san ƙofar gidan, gara gwangwanin ya kwana wurin babban yaya.